Rago da Bindigar Lantarki

Kana ta ce mini an gwada abin a kan dabba, dabbar kuma ta miƙe. To, saurari wannan. Wani shugaban 'yan sintirin kasuwa ne ya sayo bindigar lantarki, irin wadda ba ta da harsashi, sai dai a danna wa mutum a jiki wuta ta ja shi ya faɗi. Mutum ne mai gudun ɗaukar alhaki, don haka ya ce ba zai ba yaransa ba sai ya gwada. Ya shiga gida ya kwance ragon da yake kiwo don sunan jaririn da matarsa za ta haifa, ya danna masa a haƙarƙari, ya riƙe, ya ƙi saki. Rago ya sandare, ya zube, ƙafafu na karkarwa. Can ya yi atishawa ya miƙe, ya nufi kwanon dusa. Shugaba ya yi dariya, hankalinsa ya kwanta. Washegari aka kamo wani ɗan dako bisa zargin ɗauke buhun gero. Da ya ƙi amsa laifi, shugaba da kansa ya danna masa a ƙirji, ya riƙe kamar yadda ya yi wa rago. Ɗan dako ya faɗi, ya jima, sannan ya tashi yana dafe da ƙirji. Kafin la'asar aka ga buhun a wata rumfa, ashe kuskuren sauke kaya ne. Aka ba shi haƙuri, ya ja ƙafa ya tafi gida.

Ranar suna, bayan an yanka rago, shugaba ya tsuguna yana taya fiɗa. Ana buɗe ciki wuƙa ta suɓuce daga hannunsa. Daga waje fata lafiya lau, ko tabo babu, amma a ciki naman haƙarƙarin ya yi baƙi ƙirin, jini ya daskare guda-guda, zuciyar ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigon baƙi kamar an ɗiga mata garwashi. Wannan ragon ne fa yake cin dusa har safiyar nan! Ya ce, "Innalillahi! Ɗan dakon nan!" Ya bar baƙi zaune, hannu duk jini, ya fita ba takalmi, yana tambayar gidan mutumin lungu-lungu, a ransa yana cewa ko a kafaɗa ne zai kai shi asibiti. Da ya karyo kwanar da aka kwatanta masa, sai ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jugum, ga buta da ƙasar maƙabarta a ƙafafunsu. Wani dattijo ya matsa masa wuri, ya ce, "Zauna, bawan Allah. Yanzu muka dawo daga binne shi. Lafiyarsa ƙalau fa, ciwon ƙirji kawai ya ce yana ji." Shugaba ya zauna a bakin tabarma, jinin rago na bushewa a hannunsa.

Ka ga, rago ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo, kuma miƙewa ba ita ce lafiya ba. Shi ya sa Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.