Albasar Zaman Makoki

Tun da aka kafa sabuwar doka, wanda ya mutu a bakin daga barka ake yi wa uwarsa, ba ta'aziyya ba. Kowane gida da fitilar hukuma: ta ga hawaye ta yi ja, motar 'yan kishin ƙasa ta iso. Hawayen albasa kaɗai aka yafe.

Lantana ta shiga gidan yayarta Kande da kwandon albasa.

"Yaya, barka. Ɗanki ya fanshi ƙasa."

"Barka kadai." Kande ta karɓi wuƙa.

Suna yanka suna hawaye, Lantana na satar kallon fitilar. Can Kande ta laluba kwandon, wayam.

"Lantana," ta raɗa, "ta ƙare. Ni kuwa ban gama ba."