Ni Ka Zo Gani Ko Munduwa?

Tun da aka fara ɗaura wa masu karɓar maganin cutar daji munduwa a hannu, 'yan dubiya suka daina tambayar jiki. Munduwar ke lura da amai da zazzaɓi da kasala, ta kai wa likita rahoto. In ta yi kore, sai a gode wa Allah. In ta yi ja, motar asibiti na hanya.

Ran Laraba da hantsi Hajiya Dije ta ji sallamar ƙaninta Ɗanlami, ta ja mayafi ta rufe hannun.

Ya zauna, idonsa na neman wuyan hannunta. "Yaya, buɗe in gani mana."

"Ni ka zo gani ko munduwa?"

Ya shiga murza hularsa. Can ya ce, kamar mai tuno tsohuwar hadda, "Yaya jiki?"

Shekara sittin tana amsa wannan tambaya da "da sauƙi". Yau ba ta iya ba.

"Komai na sa a baki, ɗanɗanon ƙarfe nake ji, Ɗanlami. Kuma ina jin tsoro."

A ƙarƙashin mayafin, munduwar koriya ce shar.