Magini da Ƙashin Ƙugunsa

Kai da kake cewa wahalar ƙaninka ba ta shafe ka ba, bari in ba ka misalin wani magini. Yana yaɓen soro tsani ya zame da shi, ya diro a tsaye, nauyinsa duka ya sauka a kan dunduniyar dama. Aka kira maɗori, ya lalluba ƙafar, kuma da yake mai tsoron Allah ne ya ce wannan ba karaya ba ce da za a ja a ɗaure da kara, ƙashin ya farfashe ne kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Hankalin magini ya tashi, don wanda ba ya iya taka tsani ya bar gini ke nan, ga shi bakuna tara ke jiransa a gida.

A asibiti likitan ƙashi ya ce zai tsaga ƙafar, ya ɗago gutsattsarin da suka lotsa, ya jera su, ya kama su da ƙarfe da kusoshi. Amma za a bar rami a tsakiya, sai an yanko ɗan ƙashi daga ƙugunsa an cike. Magini ya yi tsalle ya dire, a kwance dai, ya ce ina dalilin jin ciwo a inda yake lafiya lau? Likita bai yi musu da shi ba, sai ya tambaye shi da wace ƙasa yake toshe katanga in ta tsage.

“Da ƙasar kududdufin da aka gina ta da ita,” in ji magini. “Baƙuwar ƙasa damina ɗaya take ɓallewa.”

Yana faɗa ya miƙa hannu aka ba shi takardar amincewa ya dangwala.

Makonnin farko ƙugun ya fi ƙafar zogi, har yana tsine wa ranar da ya yarda. Bayan wata biyar aka ɗaga masa hoton ƙashin a gaban haske. Mutumin da ke gane faci a jikin bango tun daga nesa ya duba sama da ƙasa, ya nemi mahaɗar ya rasa. Ƙashin ƙugu ya zama dunduniya, jini na bi ta cikinsa kamar can aka halicce shi. Ya yi ta tasbihi, hawaye na zuba bai damu ya share ba. Da rani ya zagayo ya hau tsani da ƙafafunsa biyu.

To ka duba, ƙugu bai faɗo daga soro ba, amma da ya hana ɗan abin da aka nema a wurinsa, shi zai yi ta ɗaukar ɗingishin har kabari. Ai Hausawa sun gama magana: abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa.