Fangalin Farko

Fangali uku na albasa na rasa. Abin da na samu kuwa ɗabi'a ɗaya ce: ba na nuna wa mutum bakin aiki ban gaya masa inda zai tsaya ba. Ke Ladidi, da kika zo hutu kina ta fama ki fahimtar da ni aikinku na kwamfuta. Kin ce in za a miƙa jerin lambobi ga wani sashe ya yi aiki a kansu, ba kwafarsu ake yi a ba shi ba, mazaunin ta farko kawai ake nuna masa. Duk abin da ya taɓa, ainihin kayan ya taɓa. In kuma ba a faɗa masa yawansu ba, sai ya zarce cikin na wasu. 'Yar nan, ni a fadama na yi wannan karatun.

Shekarar da maigidana Malam ya rasu, fangali goma sha biyu ya bar mini a jere, daga gindin giginya zuwa wajen rafi. Albasa ta nuna, ga ranar kasuwa ta ƙarato, ƙafata ba ta zama. Na samu wani baƙon ɗan ƙodago, na ja shi har fangalin farko, na ce, "Daga nan ka fara cirewa." Ya buɗe baki zai yi tambaya, ni kuwa har na kai hanya. To, daga ƙarshen nawa na maƙwabci ne ya ɗora, ba shinge ba dutse, Malam ne kaɗai ya riƙe iyakar a kansa. Shi maƙwabcin albasar iri ya bari, ta fitar da kai, saura kaɗan ta yi 'ya'ya. Bawan Allah ya sunkuya yana cira yana tarawa, bai ɗago ba sai da ya ga ruwa a gabansa. Da a kwando na kawo masa aikin, iyakar ɓarnarsa kwandon. Amma gonar kanta na sa a hannunsa.

Kwana uku ina zarya tsakanin gida da fadama, kasuwar da nake wa gudu ta ci ta watse ba ni. Maƙwabci ya ce rabin gonata zai ɗauka. Na ce ko Malam ne ya dawo ya ce in bayar, ba zan bayar ba. Ya sauko biyar, na tashi na kaɗe zanena. Ya ce huɗu, na ce ya tuna wanda ya ara masa jigo da guga bara. A ƙarshe na sallama a fangali uku, albasar da aka cire masa kuma tawa ce, na kwashe har ganyen.

Kalma ɗaya na ƙi tsayawa in faɗa, ta cinye mini kwana uku da fangali uku. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce sauri ya haifi nawa.