Jan Layin da Bai Ƙetara Ba

Auta, tunda an ɗora ka kan aikin haɗa kwamfutocin makarantu don su riƙa miƙa wa juna bayanan yara, bari in ba ka wani misali ka riƙe.

An yi wata mata mai kitso, 'yar farinta tana da sikila. Ka san yadda uwa take da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban maza tana zancensa. Amma ranar da aka sa yarinyar makaranta sai ta danne kunya, ta ja mayafi, ta je ofishin hedimasta, ta faɗa masa kanta a sunkuye. Mutumin kirki ne. Ya rubuta a kwamfuta da jan rubutu a ƙarƙashin sunan yarinyar: kada a sa ta gudu, kada a tsayar da ita a rana, kada a raba ta da gorar ruwanta. Ya gyara jadawali kuma, duk lokacin motsa jiki sai sunanta ya faɗa ɗakin karatu. Shekara biyar ana haka lafiya lau. Sai aka yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa wani gari. Da matar ta je karɓar takardu, hedimasta ya ce yanzu ba a ɗaukar takarda, ta kwantar da hankalinta, komai zai riga su isa ta na'ura. Ta yi hamdala a ranta, don an ɗauke mata nauyin sake buɗe baki a gaban wani baƙon namiji. Ashe kwamfutar sabuwar makarantar gurbi huɗu ne da ita: suna, shekaru, aji, maki. Kamar ka juye buhu a mudu ne, abin da ya shiga ya shiga, sauran ya zube. Makin yarinyar duk sun ƙetara, har da na zane. Jan layin nan bai samu gurbi ba, ya tsaya a inda yake.

Wata Laraba cikin bazara, rana tsaka, malamin wasanni ya karanto sunaye daga jadawalin da na'ura ta fitar masa. Yarinyar ta ji sunanta cikin masu gudu, abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. A can tsohuwar makaranta 'yar ƙwai yara ke ce mata, ta taga take leƙen wasa. Nan kuwa ba wanda ya san komai. Ta ajiye gorarta a gindin darbejiya, ta cire takalmi, ta zaga filin sau biyu, ta zo ta uku. Da ta koma gida, tun daga zaure take shelar labarin da murna, uwar kuwa tsinken kitso ya suɓuce daga hannunta. Kafin la'asar ciwo ya sauka a ƙirji. Kwana huɗu a asibiti, Allah Ya karɓi abinSa. Ranar sadakar uku malamin wasanni ya zo ya tsugunna a zaure, gorar ruwan da aka tsinta a gindin bishiya tana hannunsa, ruwan ma ba a taɓa ba. Ya kasa gama gaisuwa, sai hawaye. Uwar ta aiko a ce masa ba ta riƙe shi da komai ba, kwana ne ya ƙare. Gorar dai ta karɓa, ta rataye a bayan ƙofa, ba ta yarda a zubar da ruwan ba.

To ka gani, Auta, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa ya yi abin da aka nuna masa, jan layin kuwa har yau yana nan a tsohuwar kwamfuta, yana gargaɗin mutanen da suka riga suka sani. Ajali na Allah ne, ban musa ba, amma amana tana wuyanmu. In ka zauna aikinka, kada ka tsaya ga duba abin da ya iso, ka koma baya ka duba abin da aka baro. Malamin nan da rana tsaka ya busa usur, idonsa biyu, amma Bahaushe ya riga ya faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.