Hannun da Aka Riƙe a Wurin Makoki

Tun da aka ɗaura wa ma'aikatan masaƙa munduwar nan mai auna ƙarfin zuciya, shugabanni suka daina tambayar kowa lafiyarsa. Musabaha kawai za su yi da kai, munduwarsu ta karanta taka.

A cikin shugabannin, Malam Tanimu ne kaɗai bai daina tambaya ba. Shi ya sa da matar Ɗanjuma ta rasu, Tanimu ya tako har zaure ya zauna kan tabarma, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sai da Ɗanjuma ya yi hawaye.

Bayan sadakar bakwai Ɗanjuma ya koma aiki. Ƙofar masaƙa ta ƙi buɗe masa.

Tanimu ya fito yana kallon ƙasa. "Ɗanjuma, ka yi haƙuri. Salla ta matso, aiki ya yi mana yawa, zuciyarka kuwa ba za ta ɗauka ba. Na sa wani a injinka."

"Yaushe aka auna ni, Malam? Rabona da nan tun kafin rasuwar."

Ɗanjuma ya dubi tafin hannunsa na dama, ya goge shi a jikin riga.

"Ashe ba gaisuwa ka zo ba."