Ranar da Baba Ya Shinshina Ruwan Kifina

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma warin nan ban manta da shi ba. Wata la'asar a gidanmu na unguwar Ridina, kifin da nake kiwo a kwalba ya taso sama yana haki, ga ruwan kuwa garau. Na fashe da kuka.

Baba ya sunkuya ya shinshina. "Zarni yake, uwata, kashinsa ke ƙona shi. Ɗebo ruwan randa wanda ya kwana, ban da na famfo."

Rabin ruwan kwalbar kawai ya zubar, ina jin, ya ƙara sabo. Kafin magariba kifin ya koma iyo.

Sai a jami'a na san sunan warin, amoniyak. Lokacin Baba ba ya raye balle in tambaye shi. Yayyena da kuke gida a ranar, in na kuskure, ku gyara mini.